Idan aka gayyace ka shiga binciken magani a Legas: abin da za ka bincika kafin ka sa hannu

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Agege, mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, ya same ni bayan sallar isha'i da takarda mai shafi shida a ninke cikin aljihunsa. Matarsa ce ta dawo da ita daga awon ciki. Wata nas ta ja ta gefe bayan an gama auna ta, ta yi mata bayani da turancin buroka cewa ana wani bincike a kan ƙarancin jini ga masu juna biyu, kuma idan ta yarda za a riƙa duba ta kyauta har ta haihu. Abin da matar ta riƙe a cikin bayanin duka kalmomi biyu ne, "kyauta" da "jini". Ya miƙo mini takardar ya ce, "Malam, duba mana wannan, amma ni dai na riga na ce mata ba da mu ba. Haka aka yi wa yaran Kano." Ƙanwarsa kuwa, da labarin ya kai mata, cewa ta yi da ita ce da tuni ta dangwala, tun da likita ba zai cuci mutum ba. Kowannensu ya yanke hukunci, alhali babu wanda ya san abin da takardar ta ƙunsa.

Irin wannan gayyata ba baƙuwa ba ce a Legas. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, a tsakiyar unguwar da Hausawa suka daɗe suna zaune, Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya tana Yaba, sannan ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, kuma duk wuraren nan uku bincike yana cikin aikinsu na yau da kullum. Duk mai zuwa asibiti da hawan jini, ko ciwon suga, ko tarin fuka, ko yaro mai sikila, ko mace mai ciki, wata rana za a iya miƙo masa irin wannan takarda.

Tsoron maƙwabcin nawa yana da tushe, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa mai suna Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano: kusan rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba amfani da shi. Yara 11 sun rasu, wasu kuma sun nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sai dai akwai ɗaya gefen da ba a cika ambata ba. A asibitocin Kano ɗin nan aka yi binciken da ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. A 2023 kuma aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai awo a ƙarƙashin mai haihuwa don a san yawan jinin da ta zubar, tare da ba ta magunguna a haɗe nan take, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Matan da ke cin moriyar wannan a yau suna cin ta ne saboda an yi binciken a kan mata irinsu. Abin da ake bukata shi ne mutum ya iya rarrabe binciken da aka tsara bisa ƙa'ida da wanda ba haka ba, kuma ana iya yin haka ta bin matakan nan.

Mataki na farko: gane wane irin bincike ne

Ba kowane bincike ne gwajin magani ba. Wani tambayoyi kawai za a yi maka a rubuta amsa. Wani za a ɗebi jini ko fitsari ko majina a auna, a ci gaba da bibiyar lafiyarka, ba tare da an canza maganin da kake sha ba. Na uku shi ne wanda za a ba ka wani abu, ƙwaya ko allura ko rigakafi ko wata sabuwar hanyar aiki, don a ga tasirinsa a jikinka, kuma shi ne ya fi bukatar natsuwa. Tambaya ɗaya ce take fayyace wannan: "Me za a yi mini idan na shiga, wanda ba za a yi mini ba idan ban shiga ba?" Ka yi ta da wannan lafazin, ka saurari amsar har ƙarshe. Idan mai bayanin ya kasa raba maka maganin da ya zama haƙƙinka a matsayin majinyaci da abin da binciken ya ƙara a kai, to ka nemi ganin babban mai binciken, wanda sunansa yake rubuce a takardar.

Mataki na biyu: tambayi zangon da maganin ya kai

Sabon magani yana bin zanguna huɗu a jikin ɗan Adam bayan an gama da ɗakin gwaji da dabbobi. A zango na ɗaya ana ba mutane 'yan kaɗan, gommai kawai, don a ga ko jiki zai ɗauka da kuma adadin da ba zai cutar ba. A na biyu ana ba majinyata da suka kai ɗaruruwa don a ga alamar ko yana aiki. A na uku ana gwama shi da maganin da ake da shi, a kan ɗaruruwa ko dubban mutane. Na huɗu kuwa bibiya ce bayan magani ya shiga kasuwa. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka fara wannan tafiya ba sa kai wa ga samun izinin sayarwa, ko dai don ba su yi aiki ba ko don illarsu ta yi yawa, saboda haka kalmar "sabo" ba ta nufin "mafi kyau". Ka tambayi mutum nawa suka riga suka sha, a waɗanne ƙasashe, da abin da aka gani a jikinsu. Sau da yawa za ka tarar maganin tsoho ne da aka daɗe da sani, ana gwada shi ne a kan wata cuta dabam ko a wani adadi dabam, kuma wannan ya fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba.

Mace mai ciki, ko mai shirin ɗauka, ko mai shayarwa, ta faɗi haka tun kafin a tambaye ta. Maganin talidomaid, wanda aka riƙa ba mata a Turai da wasu ƙasashe don laulayin ciki daga 1957 zuwa 1961, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu, kuma tun daga nan aka tsaurara dokokin gwajin magani a duniya.

Mataki na uku: nemi shaidar izini

A Najeriya ba a yarda a yi bincike a kan mutane ba sai wani kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya karanta tsarin ya amince. Akwai kwamitin ƙasa da ake kira NHREC a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ne yake yi wa kwamitocin asibitoci da jami'o'i rajista, kuma yana da kundin ƙa'idoji da ya fito a 2007. Idan gwajin magani ne ko rigakafi, sai an ƙara da izinin hukumar NAFDAC. Takardar kirki tana ɗauke da sunan kwamitin da ya amince, da lambar amincewar, da lambar wayar da za ka kira ka kai ƙara ba tare da ka bi ta hannun masu binciken ba. Ka duba waɗannan abubuwa uku da idonka, ko ka sa wanda ya iya karatu ya nuna maka su da yatsa. Gwaji na gaskiya kuma yakan kasance da lambar rajista a rumbun gwaje-gwaje na Afirka mai suna PACTR, ko na Amurka mai suna ClinicalTrials.gov, waɗanda kowa zai iya buɗewa a intanet, kuma duk wani ɗalibi a gida zai iya sa lambar a waya ya ga ko sunan binciken da na asibitin sun yi daidai da abin da aka gaya maka.

A nan ya kamata a ambaci masu kafa rumfa a bakin kasuwa ko tasha da farar riga da na'ura, suna cewa gwaji kyauta, daga ƙarshe su ce an ga datti a jininka, ga kwalba ka saya. Wannan talla ce. Bincike na gaskiya ba ya sayar maka da abin da yake gwadawa, ba ya kuma karɓar kuɗin shiga.

Mataki na huɗu: takardar amincewa, da harshen da aka yi bayani da shi

A nan ne Bahaushen Legas ya fi shiga matsala, domin takardar da Turanci take zuwa, bayanin baki kuma da Yarbanci ko buroka, shi kuwa kunya ta hana shi cewa bai gane ba, sai ya riƙa gyaɗa kai. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita, tun daga dokokin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, ita ce yardar mutum ba ta inganta sai ya fahimci abin da ya yarda da shi, kuma babu tilas a ciki. Don haka haƙƙinka ne ka ce a yi maka bayani da Hausa. Ka tambaya ko akwai fassarar takardar, domin binciken da ake yi a Legas da wasu jihohin Arewa a lokaci guda yakan kasance da ita a ajiye. Idan babu, a nemo tafinta. Wanda ba ya karatun boko zai iya dangwalawa, amma da sharaɗin a sami shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya zauna tun daga farkon bayanin har ƙarshensa, sannan shi ma ya sa hannu. Ka zo da naka shaidar, ɗanka ko ƙaninka ko wani da ka amince da shi, ya fi a kira maka wani daga baranda.

In ba jinyar gaggawa ba ce, ba dole ba ne ka ba da amsa a ranar. Ka ce za ka tafi da takardar gida ka yi shawara, ka lura da yadda aka karɓi maganar: mai bincike na gari zai ba ka lambar waya ya sa maka ranar dawowa, wanda kuwa ya ce yau ce kaɗai dama, ya ba ka dalilin yin shakka. Hanya mai kyau ta auna fahimtarka ita ce ka maimaita wa nas ɗin abin da ka gane da bakinka, ta gyara maka inda ka kauce. Bayan ka sa hannu, a ba ka kwafinka ka tafi da shi.

Game da matan aure, shawara da maigida abu ne da masu bincike a ƙasar nan suka saba da shi, kuma za su ba da lokaci a yi ta. Amma sa hannun miji ba ya maye gurbin yardar matar, tun da jikinta ne za a yi wa allurar, kuma idan ta ce ba ta so, magana ta ƙare. Yaro kuwa iyayensa ko waliyyinsa ne suke ba da izini, amma idan ya yi wayo ana neman yardarsa shi ma.

Mataki na biyar: fahimci ƙuri'a da ƙwayar wofi

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutane kai. A yawancin gwaje-gwaje ana raba mutane gida biyu, wasu su sami sabon magani, wasu su sami tsohon, kuma ba likita ne yake zaɓa ba, kwamfuta ce take jefa ƙuri'a. Sau da yawa ma kai da likitan duka ba za ku san gidan da ka faɗa ba sai an kammala. Mutum zai ce, ashe caca ake yi da lafiyata? Dalilin shi ne, idan likita ne yake zaɓa, zuciyarsa za ta iya karkata ya ba masu ƙarfin jiki sabon maganin, sai maganin ya fito kamar yana aiki alhali mutanen ne da ma za su warke. An fara bin wannan tsari sosai a Birtaniya, lokacin da aka gwada allurar sitireftomaisin a kan masu tarin fuka, aka fitar da sakamakon a 1948.

Mazauna Legas sun ga amfanin wannan da idonsu a 2020. A watan Maris na shekarar, da aka yaɗa cewa kulorokwin yana maganin korona, mutane suka yi ta saye har ya yi tsada, hukumomin lafiya na jihar kuma suka ba da sanarwar cewa an kwantar da wasu a asibiti saboda sun sha fiye da kima. Masu cewa sun sha sun warke ba ƙarya suke yi ba, sai dai yawancin masu korona da ma suna warkewa ko ba su sha komai ba. A watan Yuni, gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya raba dubban majinyata ta hanyar ƙuri'a, ya nuna cewa haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, bai rage mutuwa ba, amma deksametason, tsohon magani mai araha, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba don ƙuri'a ba, da ba a san wanne ne mai aiki ba.

Ƙwayar wofi ita ce wadda aka yi ta da kamar magani amma babu sinadarin magani a cikinta. Ka tambaya kai tsaye ko akwai ta a binciken, idan kuma akwai, me za a ba wanda ya faɗa wannan gida. Ƙa'ida ita ce ba a hana majinyaci maganin da aka tabbatar yana aiki don kawai a ga yadda cutarsa za ta kasance. Wannan darasi an koye shi da tsada a Tuskegee ta Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bibiyi baƙaƙen fata kimanin 400 masu ciwon tunjere ba tare da an yi musu magani ba, har bayan an san fenisilin yana warkar da shi. Idan aka ce za ka daina shan maganin hawan jininka ko na suga saboda binciken, ka tsaya sai an gaya maka dalili, da tsawon lokacin, da wanda zai riƙa lura da kai.

Mataki na shida: illa, kuɗi da jini

Ka sa a lissafa maka illolin da aka sani, waɗanda suka fi faruwa da waɗanda ba su cika faruwa ba amma masu tsanani ne. Sannan ka yi tambayar da mutane suke jin nauyin yi: idan maganin ya cutar da ni, wa zai biya jinya, a wane asibiti, kuma akwai inshora? Amsar ta kasance a rubuce.

Kuɗin mota da ake bayarwa ba laifi ba ne, domin wanda zai taso daga Agege ko Alaba Rago zuwa Idi-Araba cikin cunkoson Legas ya yi asarar kuɗi da rabin yinin kasuwa. Ka lissafa sau nawa za ka zo, awa nawa kowane zuwa zai ci, ka ga ko sana'arka za ta ɗauka. Amma idan kuɗin ya yi yawan da zai sa ka rufe ido a kan haɗarin da ba za ka yarda da shi ba a banza, to wannan yawan kansa abin tuhuma ne.

Maganar jini kuwa, gara a yi ta a fili, domin jita-jitar sayar da jini tana hana mutane da yawa. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, ƙaramar kwalbar gwaji kuma takan ɗauki kimanin mililita 5, wato cikin ƙaramin cokalin shayi, yayin da leda ɗaya ta ƙarin jini take kai wa mililita 450. Ka tambayi kwalba nawa za a ɗiba a kowane zuwa, me za a auna, ko za a gaya maka sakamakon, ko za a ajiye ragowar don wani bincike nan gaba, da ko za a fitar da shi ƙasar waje. Fitar da samfuri yana bukatar yarjejeniya a rubuce da sanin kwamitin ɗa'a, kuma sau da yawa takardar tana da gurbi na dabam inda za ka iya yarda da binciken amma ka ƙi yarda a ajiye jininka. Idan za a yi gwajin ƙanjamau ko na ƙwayoyin gado, ka san wanda zai ga sakamakon da sunanka a jiki.

Mataki na bakwai: bayan ka shiga

Daga nan nauyi ya dawo kanka. Ka faɗi duk abin da kake sha, har da jiƙo da tsimi da maganin basir na mai tallan gargajiya da rubutun sha, ba don a hana ka ba, sai don wasu saiwoyi suna cin karo da magungunan asibiti a hanta da ƙoda, kuma idan wani abu ya faru a san daga ina ya fito. Ka faɗi tun farko idan kana da niyyar tafiya gida da Sallah ko lokacin damina, don a tsara ranakun zuwanka, haka nan idan azumi zai shigo a tsakiyar binciken a daidaita maka lokutan shan ƙwaya tsakanin buɗa-baki da sahur, idan maganin ya yarda da haka. Kada ka raba maganin da kowa, ko da cutarku iri ɗaya ce. Ka riƙa yawo da katin binciken a aljihu, domin idan ka faɗi rashin lafiya a wani wuri, likitan da ya karɓe ka ya ga lambar da zai kira. Idan ka canza layin waya ko ka tashi daga unguwa, ka sanar.

Kana da ikon fita a duk ranar da ka ga dama, ba sai ka ba da dalili ba, kuma fitarka ba ta taɓa haƙƙinka na ganin likita a asibitin kamar kowa. Abin da ya kamata kawai shi ne ka sanar kafin ka daina, domin wasu magungunan ba a yanke su farat ɗaya. Tun ranar sa hannu kuma ka tambayi yaushe za a kammala, ta wace hanya za a sanar da ku sakamako, ko za a gaya maka gidan da ƙuri'a ta jefa ka, da ko za ka ci gaba da samun maganin idan ya tabbata yana aiki.

Maƙwabcin nawa ya koma asibitin tare da matarsa da ƙaninta mai karatun sakandare, da tambayoyi biyar da muka rubuta a bayan takardar. Sun zauna kusan awa ɗaya da wata likita, aka kira musu wani ma'aikaci ɗan Zariya ya yi tafinta, matar da kanta ta tambayi kwalba nawa za a ɗiba. Ta ce a ba ta mako ɗaya ta kira mahaifiyarta a Funtuwa, aka rubuta mata ranar dawowa a katinta na awo.